Shin Ko Kun San? Kedleston, Gidan da Aka Tashi Ƙauye Don a Gina Shi

Shin ko kun san idan Bature ya ce gida ginin Jojiya ne, ba ƙasar Jojiya yake nufi ba, balle jihar Jojiya ta Amurka? Sarakuna huɗu yake nufi, kowannensu Joji, waɗanda suka gaji juna a gadon sarautar Birtaniya daga 1714 zuwa 1830. Na farkonsu ma Bajamushe ne daga Hanoba, Turancinsa bai taka kara ya karya ba. Kada ku haɗa su da Jojin da kakanninmu suka riƙa gani a jikin sule da fataka, waɗancan na biyar ne da na shida. A zamanin waɗannan huɗun ne masu ƙasa da masu dukiya na Ingila suka shiga gasar gine-gine a karkara, kuma cikin gidajen da suka bari akwai guda da ya isa a zauna a kansa yau: Kedleston, mil 4 arewa maso yamma da birnin Derby, gidan zuriyar Curzon, waɗanda suka haura shekara 700 a wannan wuri.

Shin ko kun san ƙauye sukutum aka tasa don gidan ya sha iska? Nathaniel Curzon ya gaji mahaifinsa a 1758, bai wuce shekara 32 ba. Ya tarar da gidan jan bulo da kakansa ya gina kusan shekara 60 baya, ya ce a rushe. Ya duba ta taga ya ga gidajen talakawa manne da nasa, ya ce a matsar da su can nesa. Babbar hanyar da ke bi ta ƙofar gida ita ma aka karkatar da ita. Cocin ƙauyen kaɗai ya tsira, wanda ƙofarsa ta kudu tun ƙarni na 12 take, kuma a cikinsa kakannin Curzon suke kwance. Har yau yana nan a rakuɓe bayan sashen kicin, coci ba ƙauye, kamar masallacin unguwar da aka yi wa rusau. Kuma ba Curzon ne farau ba, ba shi ne ƙarau ba: an yi haka a Houghton, an yi a Nuneham Courtenay, an yi a Milton Abbas.

Me ya yi zafi? Siyasa da kishi. Curzon ɗan jam'iyyar Tory ne, kuma a gunduma ɗaya da shi akwai Chatsworth, katafaren gidan zuriyar Cavendish, jiga-jigan jam'iyyar Whig. So yake su san su ma Tory suna da inda za su sauki baƙi.

Ko kun san wanda sunansa ya fito a aikin, lambu aka ɗauke shi ya tsara? Matthew Brettingham ne ya fara zana gidan, James Paine ya karɓa. Ana cikin haka, a ƙarshen 1758, Curzon ya haɗu da wani saurayi ɗan Sikotilan, Robert Adam, ɗan shekara 30, wanda bai daɗe da dawowa daga Italiya ba, inda ya shekara wajen huɗu yana awon kangayen Rumawa da igiya da sanda. Har birnin Split ya je ya auna fadar Sarki Diocletian. Aka ba shi lambu da 'yan rumfunan shan iska. Kafin 1760 ta fita, gidan gaba ɗaya ya koma hannunsa. Ɗan hakin da ka raina, in ji masu magana.

Shin ko kun san fuskar gidan ta arewa ta kai kusan mita 107, kuma in kuka raba ta biyu daga tsakiya, dama da hagu ba su da bambanci ko na taga ɗaya? Wannan daidaito shi ne uwa shi ne uba a ginin zamanin su Joji. Asalinsa daga Andrea Palladio ne, maginin Italiya da ya rasu a 1580, wanda Ingilishi suka ɗauki littafinsa na 1570 tamkar karatun allo. Tsarin Kedleston ma daga wani zanensa aka kwaikwaya, na gidan Mocenigo, wanda shi kansa Palladio bai taɓa ginawa ba: babban gini a tsakiya, ƙananan sassa a kusurwoyi, a haɗa su da lanƙwasassun baranda masu rufi. A tsakiyar fuskar ginshiƙai shida ne suke ɗauke da goshi mai kusurwa uku, irin na ɗakin bautar Rumawa.

Ku lura da tagogi, su ke faɗin matsayin kowa. Hawan ƙasa an yi shi da manyan duwatsu masu zurfin gaɓa, don ya yi kama da ƙaƙƙarfan tushe, tagoginsa gajeru, nan ne ofisoshi da ɗakunan ajiya da ƙofar shiga ta yau da kullum. Hawa na biyu shi ne na manya, tagoginsa dogaye, kuma matakala biyu ne daga waje suke kai babban baƙo can kai tsaye ba tare da ya taka hawan ƙasa ba. Na can sama kuwa 'yan tagogi ne masu kusurwa huɗu daidai. Mutumin da ya tsaya a waje bai buƙatar ɗan jagora ya gaya masa inda ake so idonsa ya sauka.

Shin ko kun san mai gidan bai gina babban ginin don ya kwana a ciki ba? Wannan ne abin da ya fi ba ni dariya a duk labarin. Shi da matarsa da 'ya'yansa a ƙaramin sashen arewa maso gabas suke zaune, gida ne cikakke mai girman hankali, wanda murhu zai iya ɗumamawa. Uban ginin na tsakiya kuwa na biki ne da nuna zane-zane da gumaka, wato zaure ne da ya fi cikin gida girma nesa ba kusa ba. Tun ana gamawa aka buɗe shi ga masu yawon kallo, in dai shigarsu ta nuna 'ya'yan manya ne. Uwargidan ma'aikata, Misis Garnett, ita ke zagayawa da su ɗaki-ɗaki, ta yi shekaru tana wannan aiki, har hotonta aka zana riƙe da littafin bayanin gidan. Zagayen ma a tsare yake: ɓangare ɗaya ɗakin kiɗa, falon zane-zane da ɗakin littattafai, ɗaya ɓangaren ɗakin cin abinci da masaukin babban baƙo, inda aka kafa gado mai ƙafafu kamar kututturen dabino, an shafe su da ruwan zinariya.

Ko kun san ginshiƙan Zauren Marmara ba marmara ba ne? Guda 20 ne, kowanne ƙafa 25 a tsaye, na wani dutse mai taushi da ake kira alabasta, mai jijiyoyin ja-ja da ruwan zuma kamar an ɗiga shayi a madara. Daga mahaƙar Curzon ta Ratcliffe-on-Soar aka yanko su, ke nan ko kuɗin dutse bai fita daga gida ba. Sumul aka kafa su da farko, sai daga baya, ginshiƙai na tsaye, masassaƙa suka hau suka tsattsaga musu dogayen kwarmi daga sama har ƙasa. Ku yi tunanin hannun da zai kuskure a nan. Zauren ba shi da taga ko ɗaya a bango, ta rufi haske ke saukowa, saboda Adam yana kwaikwayon tsakar gidan attajirin Rum, wadda a buɗe take ga sama. Sai dai rana ta Italiya daban, ta Derby daban, dole aka toshe da gilashi.

Daga nan ƙofa ɗaya ce ta raba ku da ɗaki mai da'ira, wanda ƙubbarsa ta kai ƙafa 62 daga daɓe. Ƙubbar Pantheon ta Rum aka kwaikwaya, har da idon haske a ƙololuwa, cikinta kuma an jera ƙananan akwatuna masu fure suna ƙanƙancewa yayin da suke hawa, abin da ke sa ido ya ga ta fi haka nisa. A lungunan bango akwai wasu abubuwa baƙaƙe masu kama da teburin hadayar mutanen da. Murhun ƙarfe ne na ɗumama ɗaki aka yi wa shigar burtu. Daɓen kuwa katako ne mai ɗan lanƙwasa a ƙarƙashin ƙafa, saboda masu rawa.

Ba kowa abin ya burge ba. Samuel Johnson, mai shahararren ƙamusun Turanci na 1755, ya zagaya gidan, ya ga ya fi dacewa da kotu: alƙalai a zauren ginshiƙai, masu taya su shari'a a ɗakin ƙubba, fursunoni a sama. Ni dai na ga gaskiyarsa rabi. Gidan da ba a yi don kwana ba, dole ya yi kama da ma'aikata.

Shin ko kun san kujerun falon suna da 'yan ruwa? Huɗu ne manya-manya, aikin John Linnell na 1765, hannuwansu an sassaƙa su da siffar mutane masu jelar kifi, an lulluɓe da zinariya, mazauninsu shuɗin alharini. Ana danganta su da nasarorin da sojan ruwan Birtaniya suka samu a kan Faransa a 1759.

Ko kun san bayan gidan ya fi gabansa suna a wurin masana? A fuskar kudu Adam ya saki Palladio ya yi nasa. Ya ɗauko siffar Ƙofar Nasara ta Sarki Constantine da ke Rum, ya manna ta a jikin bango da ginshiƙai huɗu, ya ɗora ƙubba a bisa, ya sauko da matakala biyu masu lanƙwasa kamar ƙahon rago zuwa lambu. A goshin an rubuta shekarar 1765 da Latin, da sunan mai gida, wanda a lokacin ya zama Baron Scarsdale, da cewa ya gina ne don abokansa da kansa. Talakawan da aka tasa ba su samu shiga rubutun ba.

A wannan fuskar ne kuma asiri ya tonu. Sassa huɗu aka zana, biyu aka gina. Na kudu biyun suna nan a takarda har gobe, aljihu ya gaza. Iya kuɗinka, iya shagalinka.

Shin ko kun san inda aka gina huɗun cif? A Kalkata ta Indiya. Tsakanin 1799 da 1803 Gwamna Wellesley ya sa wani injiniyan soja, Charles Wyatt, ya gina fadar gwamnati a kan tsarin Kedleston, da bulo da shafe maimakon dutse, kuma lanƙwasassun barandan nan suka zo daidai da ƙasar zafi, don iska na ratsa su ta ko'ina. Shekara kusan 100 bayan haka, a 1899, sabon wakilin Sarauniya a Indiya ya shigo wannan fada ya tarar da gidan ubansa an faɗaɗa shi. George Curzon ke nan, wanda aka haifa a Kedleston a 1859. Yau gwamnan jihar Bengal ta Yamma ke zaune a ciki.

Wannan Curzon ɗin mutum ne mai wuyar yanke wa hukunci. Shi ya raba Bengal gida biyu a 1905, abin da ya tayar da ƙurar da ta daɗe ba ta kwanta ba. Shi ne kuma ya tsaya kai da fata aka gyara Taj Mahal, wanda masu kallon finafinan Indiya suka sani kamar yunwar cikinsu, ya ba da kyautar fitilar tagulla da aka ƙera a kan samfurin ta wani masallacin Alƙahira, tana rataye a can. Kayan da ya kwaso daga Asiya suna hawan ƙasa na Kedleston, kuma a tarin gidan akwai rigar ɗawisu da matarsa Mary ta sa a bikin Delhi na 1903, saƙar zaren zinariya, idon kowane gashin ɗawisu kuwa fiffiken wani koren ƙwaro ne mai ƙyalli. A 2020 ƙungiyar adana wuraren tarihi ta National Trust ta fitar da rahoto kan wurare 93 da ke hannunta masu alaƙa da mulkin mallaka ko cinikin bayi, Kedleston na ciki.

Ko kun san da gangan aka kai kicin can wani sashe? Tsoron gobara ne da ƙin warin girki. Abinci sai ya bi lanƙwasasshiyar baranda kafin ya iso tebur, ko da zafinsa ko ba shi. A barandar da ke ɗaya gefen, ta iyali, ku sunkuya ku dubi katakon daɓe: ba miƙaƙƙe ba ne, kafintoci sun yanke shi yana bin lanƙwasar bango. A bisa murhun kicin kuma an rubuta gargaɗi ga kuku da yaransa cewa wanda bai yi almubazzaranci ba ba zai rasa ba. A gidan da aka kashe dukiya kan ɗakunan da ba mai kwana!

Shin ko kun san shingen lambun ba a ganinsa? Gwalalo ne aka haƙa, gefensa na ɓangaren gidan bango ne a tsaye, ɗaya gefen gangare. Tumaki su gangaro su ci karo da bango su koma, mai gida kuwa daga taga ya ga ciyawa shimfiɗe har iyakar gani kamar ba shamaki. Sunan abin ha-ha, wai don abin da mutum ke faɗi ke nan in ya yi kiciɓis da shi. Tafkunan da ke gaban gidan ma ba na Allah da Annabi ba ne, ɗan rafi ne aka datse. Adam ya ɗora musu gada mai baka uku, ya gina ɗakin kamun kifi a bakin ruwa, inda mata ke jefa ƙugiya ta taga rana ba ta taɓa su ba, a ƙarƙashinsa kwamin wankan ruwan sanyi da wurin ajiye kwale-kwale.

Ko kun san taga tana da haraji a lokacin? Daga 1696 zuwa 1851 ana ƙirga tagogin gida a Ingila a yanka wa mai shi kuɗi. Gilashi ma da nasa harajin, bisa nauyi, har 1845, bulo kuma daga 1784 zuwa 1850. Masu ƙaramin ƙarfi suka riƙa toshe tagogi. Amma kada duk makauniyar tagar da kuka gani a babban gida ku ce gudun haraji ne. Sau da yawa bayanta murhu ne ko matakala, an zana siffar taga ne kawai don kada dama ta fi hagu.

Ita tagar kanta abin kallo ce. Ba a tura ta waje, zamewa take sama da ƙasa. A cikin katakon gefe an ɓoye igiya da dunƙulen dalma ko ƙarfe mai nauyin ƙyauren, shi ya sa yatsa biyu ke ɗaga ta, ta kuma tsaya inda aka bar ta. A buɗe sama kaɗan, ƙasa kaɗan, iska mai zafi ta fita ta sama, mai sanyi ta shigo ta ƙasa. Gilashin ƙanana ne, galibi shida a sama shida a ƙasa, saboda yadda ake yin sa: mai hurawa ya hura narkakken gilashi, ya buɗe bakinsa, ya yi ta juya sanda da sauri har ya baje ya zama faifai, a yayyanka. Shi ya sa in kuka kalli bishiya ta tsohon gilashi sai ku ga tana rawa.

Shin ko kun san yau taɓa irin wannan taga ba izini laifi ne da kan kai mutum kurkuku? Rajistar gine-ginen tarihi ta Ingila ta samo asali ne daga ɓarnar bama-baman Yaƙin Duniya na Biyu, dokokin 1944 da 1947 suka kafa ta. Yau tana ɗauke da gine-gine sama da 370,000 a daraja uku: ta biyu, wadda ta kwashe fiye da kashi 90 cikin 100, ta biyu mai tauraro, sai ta ɗaya, wadda ba ta wuce kashi 2.5 ba. Kedleston a ta ɗaya yake, gadar da cocin ma kowanne da rajistarsa. Kariyar ta haɗa ciki da waje, har murhu da ƙyaure da adon silin. Wanda ya rushe ko ya sauya ba da yardar hukuma ba, tara ce marar iyaka ko ɗaurin da zai iya kai shekara 2. Reshe ya juye da mujiya: Nathaniel ya share gidan kakansa da ƙauye guda ba wanda ya ce masa kanzil, jikokinsa kuwa ko ƙofa ba su isa su fasa ba sai da takarda.

Abin mamaki, ɗan gidan na cikin waɗanda suka share wa dokar hanya. A 1911 George Curzon ya ji an sayar da tsohuwar fadar Tattershall, an ɓamɓare murahunta za a kai Amurka. Ya sayi fadar, ya sa aka bi sawun murahun aka dawo da su, ya kuma matsa har majalisa ta yi dokar kare kayan tarihi ta 1913. Sai dai dokar ba ta shafi gidan da mutane ke zaune a ciki ba, ke nan nasa gidan bai shiga ba.

Ko kun san siminti abokin gaba ne ga irin wannan gini? Da farar ƙasa aka haɗa duwatsunsa, ita kuwa tana shan danshi ta fitar, tana kuma ba gini damar motsawa kaɗan ba tsagewa. A cusa siminti a gaɓa, ruwa ya rasa hanya, ya koma cikin dutse, sanyin hunturu ya daskarar da shi, fuskar dutsen ta ɓare. Duk wanda ya taɓa ganin katangar ƙasa da aka yi wa filastar siminti tana kumbura tana zubowa ya san zancen. Rufin dalma kuma da nasa haɗarin: wutar masu gyaran dalma ce ta cinye gidan Uppark a 1989. Clandon Park kuwa wutar lantarki ta ci shi a 2015, har yau kango ne mafi yawansa.

Shin ko kun san haraji ya fi gobara cin waɗannan gidaje? Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, harajin gado ya yi tsanani, barori sun tafi masana'antu, magada suka riƙa rushe gidajen da hannunsu. A 1955 ana ƙiyasta duk kwana biyar sai an rasa guda. Kedleston ya kai bakin wannan rami da mai shi ya rasu a 1977, aka yi shekara goma ana ja-in-ja, sai a 1987 ya koma hannun National Trust da tallafin asusun adana kayan tarihi na ƙasa. A nan aka ɗauki wani ɓangare na fim ɗin The Duchess na 2008, labarin wata uwargidan Chatsworth, wato gidan kishiya. Tsohon kicin ya zama wurin sayar wa masu yawon buɗe ido shayi, gargaɗin almubazzaranci na bisa kansu. Zuriyar Curzon kuwa, bisa yarjejeniya, suna nan a sashen arewa maso gabas, inda Nathaniel yake kwana tun farko.